Shekarar da ta Rage wa Kaka a Golmo

Kaka ya rasu ranar Talata da hantsi, dawa tana tsaye a gona ko kai ba ta gama fitarwa ba. Kafin rana ta take tsaka gidanmu na Zuru ya cika. Matan zumunta na cocinmu ne suka fara isowa, zanensu iri ɗaya, suka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro suka kama waƙa. Sai tsofaffin sojoji, 'yan kaɗan ɗin da suka rage, kowa da sandarsa, ɗaya har ya sako hular da ta girmi babana. Maƙwabtanmu Musulmi suka shigo bayan la'asar suka jeru a zaure, suna ce wa Baba Allah ya ba da haƙuri, yana amsawa kansa a ƙasa. Mutanen Ribah da na Mahuta suka yi ta sauka daga kan kabu-kabu, ƙafar wandonsu duk laka.

Kowa da abin da ya tuna. Mai ƙosan bakin titinmu ta ce shekara ashirin Kaka yana ce mata ƙosanta ba gishiri, kuma shekara ashirin bai yi fashin safiya ɗaya ba. Tana faɗa tana dariya har dariyar ta juye kuka. Fasto ya ce ya huta da mai gyara masa lambar waƙa daga benci na uku, amma bai san yadda zai yi da Lahadi mai zuwa ba. Gwaggo, ƙanwar babana, tana kuka tana faɗa da masu dafa shinkafa a lokaci guda, kuma ba wanda ta rage wa ƙarfi a cikin biyun. Abokin Kaka na tun ƙuruciya, wanda muke kira Baba Alhaji, bai yi magana da kowa ba sai da na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Mu tara munka yi golmo tare, ɗiyata. Yau ni kaɗai."

Amma na lura da abu guda. Duk wanda ya shigo, da ya gama gaisuwa sai idonsa ya zagaya cikin mata yana neman fuska ɗaya. Iya ake nema, matar Kaka, mahaifiyar babana. Babur ya tsaya a ƙofa, waƙa ta yi ƙasa, kowa ya waiga, sai a ga wani ne. Iya ba ta zo ranar Talata ba. Ba ta zo ranar Juma'a da aka binne shi ba. A hanyar dawowa daga maƙabarta na ji wata mata a bayana tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin zuciya irin ta tsohuwar nan ba, kuma ban juya na kare Iya ba, domin abin da ke raina ke nan.

Ni jikarsa ce, 'yar babban ɗansa. Na zauna rubuta wannan ne saboda na fara jin ana kwatanta shi da cewa tsohon sojan nan da matarsa ta ƙi zuwa jana'izarsa. Ba na so wannan ya zama sunansa a garin nan.

Kaka dogo ne, siriri, mai goge takalmi ko gona za shi. Rediyonsa tana kan taga, ba wanda ke taɓa ta. A bariki ya koyi Hausa, don haka mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, kuma Baba Alhaji, da ya yi shekaru yana fatauci a ƙasar Kabi har harshensa ya koma can, bai taɓa barin tsokanarsa a kan wannan ba. Ni kuwa tun ina rarrafe Kaka ya naɗa ni matarsa. Da na shiga makaranta na zama "matata 'yar boko". In na kawo masa tuwo ya ce miyar ba ta kai ta auren soja ba, in ce to ya sake ni mana, ya ce takarda ta ƙare a gidan. Yana da faɗa. Ya taɓa yin wata uku ba ya gaisawa da Baba saboda an sare wata ɗorawa a gonarsa ba da saninsa ba. Yana kuma da alheri irin wanda ba ya son a gani: sai bayan rasuwarsa muka san cewa shi ke gyara jinkar ɗakin wata makauniya a bayan layinmu duk farkon damina, ya ce mata coci ce ta aiko.

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba sai na gaya masa mene ne golmo. A al'adar mutanenmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi shekara bakwai yana noma gonar uban yarinyar. Ba shi kaɗai yake yi ba. Samari sa'o'in juna ne suke haɗuwa, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan, har kowa ya cika. Kaka ya yi shekara shida a gonar mahaifin Iya, can gindin dutse a hanyar Ribah. A ta bakwai aka zo ɗiban soja, ya ba da sunansa. Mahaifin Iya mutumin kirki ne, ya ce ya je, shekara ɗaya ba komai ba ce. Da Kaka ya zo hutu aka ba shi matarsa. Suka haifi biyar, suka yi yawon bariki-bariki, suka dawo Zuru suka gina gidan nan.

Autansu shi ne Baffa, ƙanin babana, kuma kowa ya san shi ne ran Iya. Ita tana so ya zama malamin makaranta. Kaka da kansa ya kama hannunsa ya kai shi wurin ɗiban soja. Aka tura su aiki wata ƙasa, bai dawo ba. Akwatin kayansa kawai aka kawo. Ina 'yar shekara goma sha biyu a lokacin, kuma ina tsaye a tsakar gida ranar da Iya ta ɗaura ƙullin kayanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a bakin zaure ta ce wa Kaka da yarenmu, "Ko golmonka ba ka cika ba. Soja ya ci shekarata ɗaya na yi shiru, yanzu ya ci ɗana." Ta koma gidan ƙaninta a gindin dutsen nan. Ba saki, ba ƙara, ba zagi. Dattawan coci suka yi ta safa da marwa har suka gaji.

Shekara goma sha uku aka yi a haka. Sau ɗaya a shekara, bayan girbi, Kaka yakan ɗaure damin dawa a bayan kekensa ya tafi can. Ya ajiye a ƙofa, ya gaisa da ƙanin Iya, a kawo masa ruwa ya sha, ya juyo. Iya ba ta fitowa. Duka zaman bai kai a dafa shayi ba, sai kuma baɗi.

Ni na tafi jami'a na karanta fiziks, na zarce digiri na biyu a kan sararin samaniya. A shekarar da nake ba da labari malamai suka tafi dogon yajin aiki, na kwaso takarduna na dawo gida tun rani. Wata rana Gwaggo ta same ni a ƙarƙashin mangwaro ina lissafi, ta ce in gaya mata da Hausa abin da nake karantawa, tunda shekara da shekaru ba a ga na zama likita ba. Ni kuma da rawar kai na fassara mata kalma da kalma. Na ce ina bincike ne a kan baƙaƙen ramuka guda biyu, da yadda abin duhu yake haɗa su.

Ban san na yi ɓarna ba sai ranar Alhamis. A cocinmu in aka ce "duhu" ba a nufin rashin fitila. Ayyukan duhu ake nufi, su maita da tsafi. Rami kuwa kowa ya san inda ake kai mutum. Mata goma sha ɗaya suka shigo gidanmu da Gwaggo a gaba, suka kewaye teburina, suka ɗora hannu a kan takarduna. Gwaggo tana cewa, "Ɗiyar da munka aika neman ilimi, a ce ramuka taka kira da abin duhu. Ba a gidan ubana ba." Na yi ta bayani, muryata tana nutsewa cikin amin. Kaka yana zaune a kujerarsa ya bar su suka yi addu'arsu har ƙarshe, ya ce amin tare da su, ya sa aka kawo musu ruwa. Da suka tafi ya buga sandarsa a ƙasa.

"Matata 'yar boko, zo nan. Kawo rahoto."

Na ɗauko duwatsu biyu daga gefen rumbu, na debo ƙaiƙayin da aka bari a wurin sussuka, na durƙusa a gabansa. Na ce baƙin rami ba irin na kabari ba ne. Wuri ne da nauyi ya taru ya matse, ya matse, har jansa ya kai ko haske ya shiga ba ya fitowa. Yawancinsu gawar manyan taurari ce, amma masana suna zaton akwai wasu da suka samu tun farkon halitta, kafin a yi tauraro ko ɗaya. Ba a tabbatar da su ba tukuna, kuma su nake bi.

"Wato kina farautar naman da ba a ga sawunsa ba," in ji shi. "Ci gaba."

Na ajiye duwatsun nesa da juna, na zuba wa kowanne ƙaiƙayi ya kewaye shi.

"Wannan shi ne duhun da Gwaggonki yana tsoro?"

Na ce shi ne. Ba ya haske, ba ya tare haske, ba a taɓa kama shi a hannu ba. Da jansa kawai aka san yana nan, kuma ya fi duk abin da ido ke gani yawa. Yana taruwa a jikin kowane rami. Na ce in biyu daga cikin ramukan nan suka samu kusa da juna, suna jan juna, kuma da su kaɗai ne da tun farko sun yi karo kai tsaye. Amma jan abubuwan da ke kewaye da su yakan ɗan kauce da su, su kuskure juna. Daga nan sai su shiga zagaye a kan doguwar hanya siririya: su yi nisa su daɗe can, su dawo su wuce juna da gudu, su sake yin nisa.

Kaka ya ƙura wa duwatsun ido. Na ɗauka bai gane ba ne, na maimaita. Ya ce ya ji tun farko.

Na tura duwatsun suka gilma wa juna, ƙaiƙayi ya tarwatse. Na ce duk wucewar da za su yi, kowanne yana kutsawa cikin ƙaiƙayin ɗan'uwansa. Ƙaiƙayin yana riƙe su, yana rage musu ƙarfi, ya kwashi ƙarfin ya watse da shi. Da ƙarfin ya ragu ba sa iya komawa nesa kamar da, hanyar ta gajarce. Sai dai akwai gardama a ciki. Yayin da hanyar ke gajarcewa tana kuma zama da'ira, su daina yin wannan gogar ta kurkusa, alhali gogar ce ke kawo ƙarshe da wuri. Lissafina duka a kan wannan yake: shin abin nan gaggauta haɗuwarsu yake yi ko jinkirta ta.

"Ƙaiƙayin da ya watse, ina yake zuwa?"

"Ya tafi ke nan, Kaka. Ba ya dawowa."

Ya taɓa ƙaiƙayin da bakin sandarsa. Sannan ya ce, "Ba a ganinsa. Shi ya yi aikin. An gama ya watse, ranar biki ba a kira sunansa ba." Ya nuna ni da sanda. "Ke da bokonki ba ki iya Hausa ba. Wannan ba duhu ba ne. 'Yan golmo ne. Kada ki ƙara cewa duhu a garin nan, za ki kashe Gwaggonki."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba. Ya tambaye ni, "Suna haɗuwa?"

Na ce wasu suna haɗuwa. Wasu kuma lokacin da suke bukata ya fi shekarun duniya gaba ɗaya. Ya ce in sun haɗu fa? Na ce sai su zama ɗaya, sararin kansa ya girgiza kamar ruwan randa in an bugi gefenta, girgizar ta bazu ko'ina. An gina manyan na'urori don a ji ta, amma ta irin waɗannan na farkon halitta har yanzu ba a ji ba. Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki duwatsun biyu ya hure musu ƙaiƙayi, ya sa a aljihu. Sai a lokacin na fahimci wa na yi wa wannan bayani, kunya ta rufe ni, na tattara takarduna na shige ɗaki.

Ruwan farko na sauka Kaka ya fito da fartanyarsa ya ce a kai wa maƙeri. Baba ya ce gonar gida ai akwai masu yi. Kaka ya ce ba gonar gida ba ce. Shekara ɗaya ta rage masa a golmo, zai je ya cika a gonar da Iya ke nomawa. Mutum mai neman shekara tamanin, da ƙafa mai kumburi. Baba ya yi faɗa, Gwaggo ta yi kuka, Fasto ya zo ya ce Allah ba ya bukatar wannan. Kaka ya ce ya sani, ba Allah ne ya faɗi maganar a bakin zaure ba. Na ce masa da wasa ashe ina zaune zai je neman aure. Ya ce, "Iyarku shi yana da gaskiya. Shekara goma sha uku ina kai dawa kamar mai kai sadaka. Ba dawa ya ce ba, shekara ya ce."

Golmo ba a yinsa mutum ɗaya, don haka ya aika wa Baba Alhaji. Tsohon ya iso yana masifa tun daga ƙofa. "Wanga tsoho ya zautu. Mi kaka nema ga gona da ƙahwahun ga naka? Ni na aje hwartanya tun ba a haihi ɗiyan ga ba." Yana masifar ne da tsohuwar riga a jikinsa da fartanya sabuwa a kafaɗa.

Sau uku a mako 'yan kabu-kabu biyu suke ɗaukarsu da sassafe su dawo da su kafin rana ta yi zafi. Na bi su ranar farko. Kunya ɗaya suka yi, suka zauna hutu sau huɗu. Na dawo na gaya wa Mama cewa a haka ciyawa za ta cinye gonar ta cinye su. Mama da Gwaggo da matan 'yan'uwan Baba suka yi shawararsu a madafi. Ranakun da tsofaffin ba sa zuwa, su suke zuwa. Su nome gaba, su bar 'yar ciyawa jefi-jefi a kan kowace kunya don kada a gane. Ni ma na yi, hannuna da bai san komai ba sai biro ya yi ƙanta. Muna yi muna ganin hayaƙin madafin Iya, ba ta taɓa leƙowa ba, ba ta kuma taɓa kore mu ba.

Wata rana Kaka ya dawo ya zauna yana cire takalmi ya ce, "Ciyawar gonar nan yana da ladabi. Yana fitowa daidai ƙarfin mutum." Mama ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa. Ya dube ni ya ce ba zai tambayi sunan kowa ba, 'yan golmo ba a kiran sunansu.

Baba Alhaji ne mai kawo mana labari. Makon farko Iya ba ta fito ba. Na biyu aka sami ƙwaryar kunu a bakin gona, da ludayi biyu. Daga baya aka fara ganinta a kan dutse can nesa. "Ran hwarko tana bisa dutsi," in ji shi. "Yanzu ta sabko gindin ɗorawa. Ni dai kurma nike, ban jin komi." Kafin a kai ga maimai, wato noma na biyu, Iya tana zama a ƙarshen kunyar da Kaka yake nomawa, ta ba shi baya tana ɓarar gyaɗa. Shi yana noma yana magana, ita ba ta amsawa.

Ranar da ta yi magana duk unguwarmu ta sani. Kaka ya sauka daga babur tun bai gama tsayawa ba, ya shigo yana kiran Mama, yana kirana, fuskarsa kamar an ƙara masa girma a soja. Muka ce me ta ce? Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ya ce kunyata bai miƙe ba." Shekara goma sha uku, wannan ce kalmar farko. Da yamma na gan shi ya ɗaure igiya tsakanin mangwaro da rumbu yana gwada tafiya a miƙe da fartanya a hannu. Na koma bayan ɗaki na yi kuka, don ban taɓa son mutum kamar yadda na so shi a wannan yammacin ba.

Aka janye yajin aiki na koma makaranta. In na sami layi na kira wayar Baba, Kaka yakan karɓa ya yi ihu a ciki kamar yana magana da wanda ke ƙetaren kogi. Tambayarsa ɗaya ce: sun haɗu? In ce lissafi bai ƙare ba. Ya ce shi ya gama maimai, in yi sauri kada tsoho ya riga ni.

Zazzaɓi ne ya kama shi bayan ruwa ya dake su a hanyar dawowa. Ya sauka a ƙirji. Na iso ranar Lahadi da rana na same shi a kwance, takalminsa a goge a ƙarƙashin gado. Ya ce in matso.

"Gaya mini gaskiya. 'Yan golmon nan naki, sauri suke sawa ko jinkiri?"

Na so in ce sauri. Kalma ɗaya ce, kuma na san ita yake son ji. Na ce, "Ban sani ba tukuna, Kaka."

Ya yi murmushi. "Shi ya sa na aure ki. Ba ki ƙarya." Ya huta, numfashinsa yana ƙara. Sannan ya ce, "Nawa ma bai ƙare ba. Saura girbi."

Aka aika wa Iya ranar Litinin. Ƙaninta ya ce za su zo Laraba, sai an sami babur mai iya bin hanyar da ruwa ya cinye. Talata da hantsi ya cika.

Washegarin jana'iza na hau kabu-kabu ni kaɗai na tafi gindin dutse. Na sami Iya a cikin gonar tana ɗaure karan da iska ta kwantar. Ban durƙusa ba. Na gaya mata maganganun da ba a gaya wa kaka. Na ce mutum ya ba ta damina guda da ragowar ƙarfinsa, ya mutu a kan hanyar gonarta, ta kasa taka ƙafa ta ga an rufe shi. Na ce Baffa ɗansa ne shi ma, ba ita kaɗai ta yi rashi ba. Ta bar ni na gama. Idonta ya kumbura, amma a lokacin ban yarda na gani ba. Ta kama kan dawa ɗaya ta matsa ƙwayar da farce, farin ruwa ya fito. Ta ce, "Ba ta nuna ba." Ta koma ɗaure karanta. Matar ƙaninta ta biyo ni da ruwa har bakin hanya, na ƙi sha.

Wata uku ban ambaci sunanta ba. Na dawo hutun Kirsimeti na tarar Mama da Gwaggo duk sun yi baƙi sun rame, na tambaya suka ce aikin gida ne. Daga baya na ji cewa sun je sun girbe gonar Iya, kuma Baba Alhaji ne ya yanke kan farko, aka riƙe shi ta hannu biyu. Ya ce haka ake yi tun da: in ɗan golmo ya faɗi, sa'o'insa ke ƙarasa masa. Ni ba wanda ya gaya mini, sun san halina.

Kwana uku kafin Kirsimeti, da hantsi, ina zaune a kujerar Kaka a gindin mangwaro, babur ya tsaya a ƙofa. Ba wanda ya waiga, an daina wannan. Sai ga Iya ta shigo ta zaure da ƙullin kaya a kanta, zanen ƙullin shi ne wanda ta fita da shi. Baba ya miƙe tsaye bakinsa a buɗe. Gwaggo ta fito da muciya a hannu ta ce, "Iya, sai yanzu? An yi makoki an watse."

Iya ta sauke ƙullin da kanta. Ta yi magana da yarenmu, a hankali, tana duban Baba.

"Da na zo a lokacin, da gaisuwar mutuwa na zo kamar kowa, in zauna kwana uku in koma. Ni ba gaisuwa na zo ba. An girbe, an sussuke, dawar tana rumbun gidan ubana kamar yadda ake yi. Shekara ta cika. In golmo ya cika, matar ake kawowa." Ta juyo gare ni. "Tashi daga kujerar mijina."

Na tashi. Na durƙusa a gabanta, na kama gefen zanenta, na kasa cewa ta yafe mini. Ta dafa kaina ta ce na yi faɗa irin nasa, ba komai.

Ta ce a buɗe mata ɗakinsa. Ba a taɓa komai ba tun rasuwar. Na bi ta a baya. Ta dubi gadon, ta dubi takalmin, ta tsaya a gaban taga. A gefen rediyo akwai dutse ɗaya, wanda na sha gani ban kula ba. Iya ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗayan. Ta ce ranar ƙarshe ta maimai ya ajiye mata shi a ƙarshen kunya. Ta ce duk daminar nan labarin da ya dame ta da shi ke nan, wasu ramuka biyu da ke yawo a sama tun farkon duniya, da 'yan golmonsu da ba a gani. Ta ce rabin maganar ba ta gane ba, amma ta gane cewa tsoro yake ji kada su zama irin waɗanda lokaci bai ishe su ba.

Ta ajiye dutsen a kan taga, ta tura shi da yatsa har ya taɓa ɗan'uwansa. Ƙarar ba ta fi ta ƙwayar dawa da ta faɗi a ƙwarya ba, amma na ji ta.

"Ya ce ke ce mai lissafin," in ji Iya. "Je ki rubuta sun haɗu."

Lissafina na makaranta har yau bai ƙare ba, kuma ba zan ce ya ƙare ba, don ya san ni ba na ƙarya. Wannan kuwa na gani da idona. Allah ya hutar da kai, Kaka, ya miƙe maka kunyarka. Iya tana ɗakinka, kuma na rubuta.